Yadda na yi wa mai lafiya tiyata

Jitar lantarki da ta mutu murus ba ta da wahalar sha'ani, ka kai ta wurin mai gyara, shi ke nan. Wadda ke haukata mutum ita ce mai yin magana in ta ga dama. Tawa irinta ce. Kwaikwayon Stratocaster ce, samfurin da kamfanin Fender ya fitar a 1954, na saye ta gwanjo bayan kallon bidiyon Bombino da Mdou Moctar ya sa na yanke wa kaina hukuncin cewa abin da ya raba ni da mutanen Agadas jita ce kawai. An ce Mdou da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ni kuwa da cikakkiya na fara, har da amfilifaya, don haka na ga hanyata ta fi gajarta.

Da hunturu ya shigo sai ta tsiro da hali. Ina cikin kiɗa sai sauti ya ɗauke ɗif, in na girgiza ta ya dawo da ƙarar "ƙararar", in na kira wani ya zo ya ji sai ta yi lafiya lau, ta mai da ni maƙaryaci. Na zargi masu wuta, na zargi janareta, na sauya kebul. Har maƙwabcina na zarga, don ya taɓa tambayata cikin murmushi ko koyon nawa zai daɗe.

Daga nan na koma karatu, kuma a nan na halaka. Na gano cewa waɗannan abubuwa uku da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, fikof, su ne kunnuwan jitar. Kowanne maganaɗisu shida ne a jere, an nannaɗe su da wayar tagulla zagaye wajen 8,000, kaurinta bai wuce silin gashi ba. In tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansu sai 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, ta bi ta makunnin zaɓen fikof mai gurbi biyar, ta ratsa maɓallin ƙara, ta fita ta soket zuwa amfilifaya. Da na fahimci wannan sai na ji kaina ya yi nauyi da ilimi. Wanda ya san zagaye 8,000 ai ba zai tsaya duba ƙananan abubuwa ba.

Na shimfiɗa tabarma, na kwance tsirkiyoyi, na cire sukurori na zuba a murfin kwano. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wannan kuma fiɗa ce ko gyara?" Na ce mata ta bari, harka ce ta maza. Na zaɓi fikof na wajen wuya saboda ya fi sauran yi mini kallon rashin gaskiya, na zare murfinsa. Tagullar na ƙyalli gwanin sha'awa. Na hango wani ɗan sili ya fito daga naɗin ya nufi ɗigon dalma, na ce wannan ne datti, na sa farce na tsinke shi.

Da na mayar da komai, sukuru biyu suka yi saura, jitar kuma ta ci gaba da ɗaukewa yadda ta saba, sai dai yanzu an samu ƙari: in na tura makunni can ƙarshe, shiru ne na dindindin.

Wani dattijo mai gyaran rediyo na kai wa, wanda bai taɓa kaɗa jita ba. Bai ko kalli fikof ɗin ba tukuna. Ya ce, "Ɗana, in ta ɗauke, a kowane gurbi na makunnin take ɗaukewa, ko a ɗaya?" Na ce a duk biyar ɗin, Baba. Ya ce to ai magana ta ƙare. Kunne uku ba sa kurumcewa lokaci ɗaya su kuma warke tare. In duka suka yi shiru, cutar tana gaba, inda hanyarsu ta haɗu. Ya soka kebul, ya taɓa shi da ɗan yatsa, sautin ya yanke. Ya sake taɓawa, ya dawo.

Notin soket ne ya saki. Duk sanda na soka kebul sai soket ɗin ya juya daga ciki, yana murɗa wayoyi biyun da ke jikinsa, har dalmar ɗaya ta tsage tana taɓawa tana saki. Ya ɗiga sabuwar dalma, ya riƙe soket ta ciki ya ɗaure notin, ya fesa wa makunni maganin wanke ƙura, don ya ce ƙurar hunturu ma kan jawo irin wannan. Shayinsa bai huce ba ya gama.

Sannan ya shiga ƙwanƙwasa maganaɗisun da bakin sukudireba ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasa ya ce "ɗum", na tsakiya ya ce "ɗum", na wuya bai ce uffan ba. Ya ɗora mita: biyun sun nuna kusan om 6,000, na ukun bai motsa allura ba. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo ta saman tabarau.

"Wani ya shiga nan?"

Na ce jitar gwanjo ce, Baba, Allah kaɗai ya san hannun da ta bi.

"Haka ne," in ji shi. "Hannun ma bai daɗe da yanke farce ba."

Ya ce da bakin waje na tsinke da an warware zagaye ɗaya an haɗa, amma na cikin na samu, wanda dukan naɗin ke kwance a kansa. Sai dai a sake naɗi ko a sayi sabo, kuma kuɗin da aka faɗa mini ya sa na gane cewa fikof biyu ma rufin asiri ne.

Yanzu da gurbi huɗu nake kiɗa. Na biyar ɗin ya samu masoya a gida: duk sanda na ɗauko jita bayan isha'i, uwargida kan ce, "Malam, don Allah yi mana wancan na ƙarshen."