Ƙugiyar da Ta Kayar da Bazazzagi

Bawana na Zariya, labari ya iso Kano cewa ka kwana uku kana kokawa da baƙin allo, har ka fara zargin aljanu. Kai da kullum kake cika mana baki wai garinku ne gidan ilimi!

To ba aljani ba ne, harafin ƙ ne. Ka rubuta manhajar shagonka da C, ka ɗauko ncurses don zana tagogi, ka ce ta nuna "Sannu da zuwa, baƙi". Sai ta watso maka M- da wasu tarkace. Dabarar da ka ɓullo da ita kuwa, wai a cire ƙugiya. Baƙi suka koma baki, ka yi ta gaida bakin mutane.

Matso in koya maka, ba sai ka biya kuɗin Laraba ba. A tsarin UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowanne bayit biyu yake ci, amma gurbi ɗaya yake tsayawa a allo. Kai kuma ka raba harafin biyu kana tura wa winsch rabi-rabi, kamar mai shigar da rago ɗaki gunduwa-gunduwa yana jiran ya yi kuka. Kira setlocale tun kafin initscr, ka haɗa da ncursesw, mai w ɗin nan a wutsiya. Sai ka naɗe harafin da setcchar, ka miƙa wa wins_wch. In jimla ce sukutum, ga wins_wstr nan. Ka kuma daina awon faɗi da strlen, bayit take ƙirgawa, shi ya sa bangon tagarka ya karkace kamar ginin damina. Tambayi wcwidth, ita ta san harafin Sinanci gurbi biyu yake cinyewa, namu ɗaya.

Cusa harafi kuwa tamkar benci ne a gidan biki: sabo ya zauna, kowa ya matsa dama, na ƙarshe ya faɗi ƙasa ba sallama. Haka farashin 1500 ya zama 150 a allonka, aka yi ta wawason sukari.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne, cusawa ba ta motsa manuni daga inda yake. Ka tura sunan garinku harafi-harafi, ya fito ayiraZ. Wannan kam kada ka gyara, ya dace da ku.