Kowa da Hayaƙinsa

Mu mutanen Gaya da Ajingi, in dai ƙorafin zafi ne ba a bar mu a baya ba. Da an idar da sallar La'asar a watannin bazara sai ka ji an fara: "Kai Alhaji, zafin bana ya fi na bara!" Haka muka ce bara, haka muka ce bara waccan. Amma a tambayi wanda ya sare gawon da ke bakin hanyar gona, sai kowa ya shiga gyaran hula.

Yaranmu da suka yi boko sun ce akwai wata iska, kabon, wadda ba ta zama wuri ɗaya. Gero da dawa da bishiya su zuƙe ta da taimakon hasken rana, su gina kara da hatsi da itace da ita. Mu ci tuwo, akuya ta ci harawa, duk mu numfasa mu mayar da ita sama. Abin da ya ruɓe kuma ƙasa ta adana. Kusan rabin nauyin busasshen itace ma kabon ne. Idan iskar ta taru a sama fiye da ƙima, sai ta riƙe zafin da ya kamata ya fice daga duniya. Abin dai kamar adashe ne, akwai zubi akwai ɗauka. Mu kuwa ranar ɗauka da asuba muke sallama, ranar zubi wayarmu a kashe.

Wuta dai gadonmu ce, ba ma musu. Tarihin baka ya ce maƙerin nan mai suna Kano daga Gaya ya tashi ya je Dala neman tama, shi ya sa har yau ake ambaton Abagayawa. Sai dai maƙeri gawayin ƙirya yake nema daidai zugarsa. Yanzu kuwa mai shayi gawayi, mai tsire gawayi, mai guga gawayi, amarya ma da kurfotinta ake kai ta ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kaya suka yi tsada, tukunyar gas ta gidaje da yawa ta koma kujerar zaman tsakar gida. Ga shi kafin a cika buhu ɗaya na gawayi sai an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Sauran duk ya bi iska tun a daji.

A gona ma ba mu da dama. Dogon kara ya tafi danga, ganye ya tafi turke, guntaye su tafi murhu. Tushiya da ɗan abin da ya rage, lokacin sharar gona mu tara mu cinna musu ashana, muna cewa, "Ai Malam, toka taki ce." Toka tana da ɗan amfaninta, amma abin da ke sa ƙasa ta yi baƙi ta riƙe danshi shi ne ya tashi a hayaƙin. Damina ta zo, gona ta yi fari fat, mu ɗora wa takin zamani laifin tsada. Yaranmu kuma saboda gafiya ɗaya sai su babbake fili guda, gafiyar ta tsira, ciyawar shanu ta tafi.

Kada dai mu cika yi wa kanmu sharri. Duk wanda ya ga amalanke cike da takin gida ta nufi gona da rani, zubi ya gani. Wanda ya roƙi Bafulatani ya kwana da garkensa a gonarsa, shi ma zubi ya yi. Kakanninmu da suka bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gona ba su taɓa jin sunan kabon ba, amma sun san gero ya fi kyau a gindin gawo, don da damina yake zubar da ganye. Masu noman rani da suka ajiye injin fetur suka sayi sola, su ma a yaba musu, ko da yake aljihu ne ya yi musu wa'azi.

Manyan masu ɗauka kuwa ba a unguwarmu suke ba. Kwal da fetur da gas kabon ne da ya yi shekaru miliyoyi a binne, masana'antu suka tono suka ƙona. Dab da zamaninsu iskar tana wajen kashi 280 cikin miliyan, yau ta haura 420. Sin da Amurka ne kan gaba wajen fitar da ita, Afirka gaba ɗayanta tana lilo wajen kashi 4 cikin ɗari. A 2021 Shugaba Buhari ya je Glasgow ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita zubinta da ɗaukarta nan da 2060. Muka ce Allah Ya kai mu.

To amma ko laifin na wasu ne, gonar tamu ce. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suka koyi barin tohon da ke fitowa daga kututture, su rage rassa su bar masu ƙarfi. An ƙiyasta itatuwan da Nijar ta samu ta haka sun kai miliyan 200, ba tare da sayen iri ba. Mu kuwa duk damina sai a yi gangamin dashe, manya su tsuguna a ɗauki hoto, a tafa, a watse. Kafin sati ya zagayo akuyar maƙwabci ta kammala shirin. Saboda haka bana duk mai niyyar dasa darbejiya, don Allah ya fara sayen igiya.