Sannunku da Riƙon Gadon Macijin Kusugu

Ranku ya daɗe, masu riƙe da makullin famfo da na lantarki a ƙasar Daura, na zo gaisuwa da jinjina. An daɗe ana zarginku da sakaci, ni kuwa da na duba sai na ga babu wanda ya kama ƙafarku wajen kishin tarihi a duk faɗin ƙasar Hausa.

Kowane yaro ya san labarin. A zamanin Magajiya Daurama wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya iso cikin dare ya fille masa kai. Da a wani garin ne, da tuni an bar wannan a bakin masu ba da labari. Ku kuwa kuka ce gado ba a yar da shi. Kuka raya al'adar macijin, har kuka fi shi gwaninta, domin shi ranarsa sananniya ce, mata na iya jera tulunansu tun daren Alhamis. Famfonku ba shi da Juma'a, ba shi da Asabar. Ran da ya ga dama sai ya yi tari, ya furzar da iska, ya ɗigo da wani abu mai launin kunun tsamiya, kafin a ruga a ɗauko bokiti ya yi shiru.

Madatsar ruwa ta Sabke tana nan, ta Daberam ma tana nan, ba wanda ya ɗauke su. Amma kun hango abin da mu gajerun tunani ba mu hango ba: idan ruwa ya wadata, ina ɗan garuwa zai sa kansa? Na tsaya na kalli wani da hantsi yana tura kura cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa, tayar ta nutse a yashi, jijiyoyin wuyansa sun fito, takalmin robarsa ya tsinke an ɗaure da waya. A bayansa wata yarinya ce cikin kayan makaranta, bokiti a ka, lokacin da tsaranta ke aji. Kun sama wa mutumin sana'a, kun kuma koya wa yarinyar darasin da babu shi a manhaja. Madalla da wannan hangen nesa.

Gine-gine kam an yi mana, ba mai musu. A 2019 aka buɗe asibitin sojojin sama, a shekarar aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, a Disambarta aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, irinta ta farko a Najeriya. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Daura. Baƙo ya shigo ya ga allunan nan sai ya ce mutanen garin sun gama da duniya. Kun kyauta da kuka bar lunguna yadda suke, kwata ta toshe da leda, ruwanta ya yi kore, sauro na biki, don kada ido ya kama mu.

Sai wutar lantarki, wadda kuka tarbiyyantar har ta san babba da yaro. A lokacin babbar sallar 2019 dattawan masarautar nan suka faɗa wa Shugaba Muhammadu Buhari a gabansa cewa ba sa ganin tsayayyiyar wuta sai in yana gari. Wutar da ke zuwa tarbar shugaba, ta kuma raka shi in zai koma Abuja, ai ta cancanci yabo. Ranar 15 ga Yulin 2025 aka binne shi a gidansa na Daura, Allah ya jiƙansa da rahama. Tun ranar tambaya ɗaya ke ci mini rai: wanda wutar ke jin kunyarsa ya kwanta dama, yanzu kunyar wa za ta ji? Ta mai walda da ke zaune ya haɗa kai da gwiwa, ko ta tela da kayan sallar mutane suka taru masa?

A nan yabon ya maƙale mini a wuya. Na taɓa raka wata ƙanwata haihuwa wani ƙaramin asibiti a ƙauye cikin dare. Ma'aikaciya ɗaya ce, ta kama wayarta da haƙora tana haska wurin da fitilarta, hannuwanta biyu na aiki, ruwan wanke jaririn kuwa daga gida muka zo da shi a jarka. Allah ya sauke ta lafiya. Ba kowace ke dawowa gida ba. Daga Ɓaure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, matan da ke shiga irin wannan ɗaki su ne iyayen waɗanda ake cewa za su cika ajujuwan Jami'ar Sufuri.

Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan, da 'yan majalisarmu na Katsina da na Abuja, ku fito ku gaya mana nawa ke shigowa, nawa ke tafiya ga rijiyar burtsatse, nawa ga yashe kwata, nawa ga fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin haihuwa. In wannan ya yi muku nauyi, to ku yi mana abin da ko macijin Kusugu ya yi wa kakanninmu: ku tsayar mana da ranar ruwa, ku sanar da ita, ku kuma cika alkawari.