Alhaji Zai Sayi Gida a Abuja

A Kano ko Zariya ko Katsina, idan baƙo ya zauna a wurin ɗaurin aure, abin da ake fara bincika shi ne ɗan gidan wa ne. Abuja ba ta da wannan al'adar. Gari ne da sai a watan Disamba na 1991 gwamnati ta tattara komatsanta daga Legas ta tare a cikinsa, kuma in ka cire Gbagyi da sauran 'yan ƙasa da aka tarar, kowa da jakarsa ya zo. Ba mai yi wa wani gorin kaka. Saboda haka tambaya ɗaya ce ta maye gurbin asali: "A ina kake zaune?" Ka ce Maitama, a ƙara maka nama. Ka ce Gwarimpa, a gyaɗa kai. Ka ce Mararaba, a yi maka sannu da hanya, kuma ba za ka iya yin fushi ba, tunda Mararaba a Jihar Nasarawa take.

Wannan ne ya sa duk ranar da kwangila ta faɗa, ko aka kira sunan mutum a rediyo an ba shi muƙami, tun kafin kuɗi su gama shiga asusu maganar gida ta taso. Ba Alhaji ne yake tayar da ita ba. Shi da za a bar shi, da ya ci gaba da zama inda yake, kusa da mai shayinsa.

"Alhaji, ni fa na gama cewa Kubwa a gaban mutane."

"Haba Hajiya, me Kubwa ta yi miki? Ga kasuwa, ga masallaci a ƙofar gida, ga tashar jirgin ƙasa in za ki Kaduna."

"Jirgin ƙasa zan aurar wa 'ya'yana? Jiya a wurin biki da aka tambaye ni, sai da na yi tari na ce wajen Gwarimpa."

Daga nan an gama shawara, saura neman dillali. Shi kuwa dillalin gida a Abuja ba a samun sa shi kaɗai. Ka kira ɗaya, ka je ɗaukar sa ka tarar da mutum huɗu sun cika bayan motarka. Na farko ya san na biyu, na biyu ya san wanda ya san maigadin gidan, na huɗu kuma ba wanda ya san aikinsa sai ranar rabon la'ada. Kafin a buɗe maka ƙofa ka leƙa, sai ka biya kuɗin duba gida. Ka duba bai yi maka ba, kuɗin sun tafi. Akwai gidajen da na tabbata a zuciyata masu su ba su da niyyar sayarwa, kuɗin dubawa kawai ake ci da su.

Babbar baiwar dillali ita ce sanin taswira. A bakinsa babu unguwar da ta fi minti goma zuwa tsakiyar gari. Ba ƙarya yake yi ba, ya auna, sai dai ya yi awon ne ranar Babbar Sallah, lokacin da kowa ya tafi garinsu ya bar tituna wa iska. Kai kuma ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe za ka riƙa fita. Duk wanda ya taɓa shiga gosulon hanyar Nyanya ya san mutum yana iya fara sauraron labaran safe a mota, ya gama, ya kira duk danginsa ya gaishe su, bai wuce gada ɗaya ba.

A taswirar dillali kuma unguwanni suna miƙewa. Guzape Asokoro ce. Dawaki Gwarimpa ce, titi ne kawai ya raba. Mpape kuwa, inda ake fasa dutse ƙura tana tashi, Maitama ce da ba a gama ba. In ka tuna masa cewa a watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape har mutane suka fito waje, sai ya washe baki.

"Ranka ya daɗe, ai har Maitama aka ji motsin nan. Ka ga shaida ke nan unguwa ɗaya ce."

Ita Maitamar ta gaskiya, da yawa daga titunanta sunayen koguna aka ba su: Mississippi, Amazon, Danube. Mutumin da ya koyi iyo a kududdufin bayan gari sai ga shi yana buga katin gayyata da adireshin Mississippi, 'yan'uwa a ƙauye suna ta yi masa addu'ar Allah ya dawo da shi daga Amurka lafiya. Asokoro kuma shugabannin Afirka aka karrama: Mandela, Nyerere, Nkrumah. Har da titin Thomas Sankara, mutumin da ya sayar da Marsandin gwamnatin Burkina Faso ya ce ministoci su shiga ƙaramar Renault 5. Ka je ka ga irin motocin da suke kwana a titin da ke ɗauke da sunansa.

Alhajinmu dai ya ji farashin Maitama, ya nemi ruwa ya sha, ya ce shi dama bai cika son unguwa mai shiru da yawa ba. Aka gangaro wani rukunin gidaje mai katanga da get, can bakin gari, wanda aka laƙaba wa sunan Turanci mai nuna lambu da tsauni da ƙorama. Lambun dai bishiyar dogon yaro ce guda biyu. Ƙoramar kuma gaskiya ce, sai dai ba a ganin ta sai damina, ranar da za ta shigo falo ta gaishe ka. Mutanen wasu sassan Lokogoma da Lugbe suna da labarin nan da yawa, gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa, ruwan kuma bai manta hanyarsa ba. Shi ya sa kasuwar dillali ta fi ci a watan Janairu, lokacin da ko'ina yake a bushe.

Sai maganar takardu, wadda ita ce take hana mai kuɗi barci. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasa ba ta mutum ba ce. A jihohi tana hannun gwamna, a Abuja tana hannun gwamnatin tarayya, minista ne yake sa hannu. Abin da Alhaji yake ta tinƙaho da shi, takardar mallakar nan da ya sa a leda ya kulle a akwati, izinin zama ne na shekara 99, kuma akwai harajin ƙasa da ake biya duk shekara. Mutane da yawa sun ɗauka harajin nan ado ne a jikin takarda, sai a 2025 da minista Nyesom Wike ya soke takardun filaye sama da 4,000 saboda bashin shekaru, aka ga manya suna layi da rasit a hannu. Tsofaffin mazauna garin kuwa har yau in suka ga jan fenti a jikin katanga gabansu yana faɗuwa, saboda rusau na zamanin minista Nasiru El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, bai tambayi sunan mai gida ba. Akwai ofishin AGIS da ake zuwa a bincika ko fili na wanda ya ce nasa ne. Alhaji ba zai je ba. Ya ce mai sayarwar mutumin kirki ne, tare suka yi Umara. In ka zaga garin za ka ga katangu da yawa an rubuta musu da manyan baƙaƙe cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Duk inda ka ga rubutun nan, an taɓa sayar da gidan, mai shi ne kawai ba a gaya wa ba.

To, an biya, an yi walima, an tare. Bene ne mai ɗaki biyar, kowanne da banɗakinsa, ga na baƙi na shida, ga falo biyu, ɗaya na zama ɗaya na nunawa. Mazauna gidan kuma mutum uku ne, don yara suna makarantar kwana. Abin da babu shi ne tsakar gida. Fulotin gaba ɗaya an cinye shi da gini, ɗan abin da ya rage an shafe shi da siminti an ajiye motoci. Babu zaure, babu inuwar da za a shimfiɗa tabarma, babu inda za a ɗaure ragon layya. Ranar da Hajiya ta sa aka fito da turmi za a daka sakwara a kan tayil, kafin a yi luguden farko maƙwabci ya aiko maigadinsa ya tambaya ko gini ake rushewa.

Maƙwabcin nan Alhaji bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya san motarsa, ya san ƙarar janaretansa, ya san karensa ba ya son kiran sallar asuba. Sun fi haɗuwa a zauren WhatsApp na masu gidaje, inda mutane masu digiri biyu-biyu suke kwana suna faɗa a kan wanda ya ajiye mota a gaban get ɗin wani. Can ne kuma ake sanar da dokoki: ba a shanya a waje, ba a kiwon kaji, ba a talla, baƙo ba ya shiga sai da lambar da mai gida zai tura masa ta waya.

Wannan doka ta ƙarshe, mu faɗi gaskiya, ita Alhaji ya saya. Ɗakuna biyar da banɗaki shida gyara aka ba shi. A Kubwa duk wanda ya sauka daga motar ƙauye kai tsaye yake shigowa da sallama, ya zauna sai abin da hali ya yi. Nan kuwa akwai get, akwai masu gadi da kaki, akwai waya da za a iya cewa ba caji. Sai dai wanda ya tsara dokar bai san Kawu ba. Kawu ya iso da rana tsaka da rabin buhun gero da zakara biyu, aka ce ya kawo lamba.

"Lambar me? Yaro, ni na yanka wa mai gidan nan ragon suna. Je ka gaya masa ƙanen uwarsa ne a ƙofa."

Aka ce ba a shiga sai da lamba. Kawu bai yi musu ba. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin get, ya ɗaure zakarun a ƙafar allon da ke ɗauke da sunan rukunin, ya yi alwala da butarsa, ya fara ba duk mai wucewa tarihin Alhaji tun daga lokacin da yake tallan rake. Kafin la'asar Alhaji ya fito da kansa, ba takalmi, yana "Kawu, ai da ka kira ni." Bayan wata biyu baskwata ta cika: ɗan Kawu mai neman aiki, ɗan Gwaggo mai bautar ƙasa, da wani da har yau ba a gano ta wane ɓangare aka haɗa dangi ba.

Sannan ga ciyar da gidan kansa, don gidan Abuja ci yake yi. Akwai kuɗin hidima na shekara, na masu gadi da kwashe shara da fitilun titi da ba sa kamawa. Akwai burtsatse, in kuma injinta ya ƙone a koma wa mai ruwa da kurarsa, wanda shi kaɗai ne talakan da get ba ya tambaya lamba. Wuta kuwa, tun da aka mayar da masu layin Band A naira 225 kowane yunit a watan Afrilu na 2024, Alhaji ya zama maigadi na biyu. Ƙarfe goma na dare za ka gan shi da jallabiya yana bin ɗaki-ɗaki yana kashe fitila, yana tambayar wanda ya bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne. A gidan da aka saya don a huta, kowa ya taru a falo ɗaya ƙarƙashin fanka ɗaya.

Wanda ya fi kowa cin moriyar manyan gidajen garin nan shi ne maigadi. Ka bi wasu layukan Maitama da Asokoro da dare ka ƙirga gidajen da ba fitila sai a ɗan ɗakin bakin get. Mai gidan yana Dubai ko Landan, ko kuma ya manta yana da shi. A watan Disamba na 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma bayan binciken EFCC. Gida ɗari bakwai da hamsin da uku! Ko kowane dare mutum zai sauya ɗaya, sai ya haura shekara biyu bai zagayo ba. Shi kuwa maigadi ya shuka alayyafo da kuɓewa a bayan katanga, yana kama tashar Hausa a rediyonsa, iskar Maitama tana kaɗa shi, ba ya biyan haya ba ya biyan harajin ƙasa.

Alhajinmu fa? Duk yamma bayan magariba sai ya ce wa Hajiya zai je ganin wani mutum. Ya tuƙa mota ya ratsa gosulo, ya ƙona man da ya fi kuɗin cefane, ya koma tsohuwar majalisarsa ta Kubwa. Ya zauna a benci, a miƙo masa shayi da tsire a takarda, a yi musun siyasa da ƙwallo har sha ɗaya. Can ne ake kiran sa da sunan da aka san shi da shi, can ne yake dariya har da buga ƙafa. Da 'yarsa ta haihu ma, a can aka yi sunan, don a sabuwar unguwa an ce taro sai an rubuta takarda mako biyu kafin ranar, jaririyar kuma ba ta sanar da kwamiti ranar zuwanta ba.

Kai da ke shirin saye, ba hana ka nake yi ba, Allah ya sa alheri, ya sa mu zo walima. Amma ka je duba gidan a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka gwada hanyar da safiyar Litinin, ka ɗauki lauyanka ba na mai sayarwa ba. Lambar get kuma ka tura wa Kawu tun yana tasha, don ko ka tura ko ba ka tura ba, zai shigo.