Ƙailular Mutanen Andalus

Wani malamin Bodinga, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tafsirin Imamu Ƙurɗubi, ya yi ɗan hutu a birnin Ƙurɗuba ta ƙasar Sifen, yana tsammanin zai tarar da zaurukan ilmi cike da almajirai. Sai ya iske babban masallacin ya zama coci tun 1236, cinyoyin alade kuwa rataye a kantuna, har ƙuli-ƙulin guzurinsa ya zame masa rahama. Da amininsa na Shagari ya tambaye shi ko da sauran sunna a can, sai ya ce, "Wallahi, Malam, ƙailula kam sun riƙe ta, don bayan azahar ko mai kanti ba ka samu. A wannan babi sun fi mu taƙawa."