Ire-iren Masu Cin Lobsta a Lamu

A tsibiran Lamu na ƙasar Kenya, inda jaki ne motar gari, masuntan Kizingitini ba sa jiran lobsta ta faɗa koma. Nutsewa suke yi su bi ta har raminta cikin duwatsun murjani. Wasu sukan ɗaura wa sanda pweza, halittar nan mai hannu takwas, su zura a ramin; lobsta na ganin abokin gabarta sai ta fito a guje ta faɗa ragar hannu. Aikin ya fi kyau lokacin iskar kaskazi, daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ruwa ke kwantawa ya yi garau. Baƙin da ke zuwa ci kuwa, Allah ɗaya gari bamban.

Akwai Jarumin Tudu. Tun a masauki yake cika baki cewa da shi za a nutse. Jirgin yana barin gaɓa, an ɗaga filafilai, sai ka ji ya yi tsit. Can ka hango shi ya rungume gefen jirgi yana mayar wa teku karin kumallonsa, yana salati ƙasa-ƙasa. Da yamma shi ne kan gaba wajen ba da labarin yadda "muka kamo su".

Sai Malam Mai Tambaya, wanda ya zo Mauludin masallacin Riyadha. An ajiye masa lobsta ta yi jawur, ga dogayen gashin baki, ya ja da baya.

"Ɗan'uwa, wannan abin an yanka shi kuwa?"

An tuna masa cewa a mazhabar Malikiyya dabbar teku halal ce, ba ta bukatar yanka. Ya yi bisimilla, ya cinye biyu.

Mai Hoto ba ta da lokacin ci. Kafin ta gama ɗauka abinci ya huce.

Alhaji Ɗan Kasuwa shi ne abin kallo. A kan sikeli ake sayar da lobsta, amma shi taya ta yake yi kamar ragon layya, yana ɗagawa yana cewa ai rabinta ɓawo ne. Gaskiyarsa kuma: naman yana wutsiya.

Ni dai na fi ganin girman Mai Ƙullin Yaji. Ba ya musu da kowa. Ya zauna gaban shinkafar kwakwa, ya kwance ledarsa, ya barbaɗa, ya matsa lemun tsami. In Allah ya kai ka Lamu, kusa da shi za ka zauna.