Hazon Chadi ne ko hayaƙin maƙwabci?

To, 'yan majalisar bakin titin Zawaciki, na san tun kafin in buɗe baki kun fara murmushi. Wai a haska sama da leza a gane abin da ke yawo cikin iska? Kawu mai musu har ya gyara zama: "Mu da muke shaƙar ƙurar, sai wani inji ya ba mu labarinta?"

Sannu, Kawu. Ai kai ma ka taɓa yi. Ka kunna tocila da dare a tsakiyar hunturu, ka ga hasken ya miƙe ƙura na rawa a cikinsa? To shi ke nan. Na'urar da ake kira laida takan harba hasken leza, ya bugi ƙwayoyin ƙura, kaɗan daga ciki ya dawo. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka jinkirin dawowarsa ne ke faɗin nisan da ƙurar take.

Kada a ce tatsuniyar Turawa ce da ba ta zo nan kusa ba. A 2006 an girke irin wannan na'ura a Yamai, kuma binciken ranin wannan shekara ya nuna iskar hunturu hawa-hawa take: ƙurar hamada a ƙasa, hayaƙin ƙunar daji a bisanta. A shekarar ce kuma Amurka da Faransa suka harba tauraron CALIPSO, ya yi ta leƙo mu da koren haskensa daga nisan kilomita kusan 700 har zuwa 2023. Da bayanansa aka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke ficewa daga Sahara ta yamma kowace shekara, miliyan 27 da wani abu su sauka a dajin Amazon. Wani kaso mai tsoka na hazon da ke hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki.

Ga inda zancen ke da daɗi, Yallaɓai mai masana'anta, kai da ka yi shiru a gefe. Ƙwayar ƙurar hamada gantsare take, mai kusurwa-kusurwa, tana murɗa hasken kafin ta mayar da shi. Ta hayaƙi ƙanƙanuwa ce, ba ta murɗa shi sosai. Wato na'urar na iya raba baƙon da ya zo daga Chadi da ɗan gida. Da an girke ɗaya tsakanin Challawa da Sharada, wata a Bompai, da "ai hazo ne, daga Allah" ta daina rufa wa kowane bututu asiri. Janareto, tayar da ake ƙonawa, tirelolin da ke jeka-ka-dawo zuwa tashar tsandauri ta Dala, duk a cikin hazo suke fakewa.

Tauraro kam ba zai raba mana wannan gardama ba: ko a lokacin da yake aiki, sai bayan kwana 16 CALIPSO ke sake bi ta layi guda, kuma siririn layi ne. Ta ƙasa ake so, wadda ke kallon sama dare da rana.

Kawu zai ce warin majema fa? Wannan kam na bar maka, leza ta ƙura ba ta da hanci. Amma tarin da kake yi tun Disamba, kana ɗora wa Chadi laifi, a bari a auna tukuna kafin mu ɓata da maƙwabta.